Koyon nutso da tukunyar iska

Ina shekara ta uku da zuwa karatu Alƙahira kwale-kwale ya kife da yayana a kogin Kwara, ranar kasuwa. Masuntan garinmu sun fito da mutane da yawa, shi ba su same shi ba. Wurin ya yi zurfin da numfashin mutum ba ya kaiwa. Aka yi masa sallar gawa babu gawa.

Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma aka ce ko a zaman makoki ba ta yi kuka gaban mutane ba. Da na kira ta, abu ɗaya ta faɗa: "Da kana nan, da ka fito da shi." Duk garin an san ni da daɗewa a ƙarƙashin ruwa. Maganar nan ta hana ni sakat. Na fi wata biyar ina zama a darasi ban san abin da malam yake faɗa ba.

Wata rana a jirgin ƙasa wani ɗan Sudan da muke gaisawa ya ce mini akwai wurin ninkaya a Giza inda ake koyar da nutso da tukunyar iska, a kuma ba mutum takardar shaida. Washegari na je. Na gaya wa Inna, ta ce Allah ya taimaka, muryarta ta ɗan saki.

Malamin wani Balarabe ne mai furfura, kowa Kaftin yake ce masa. Mu biyar ne. Sauran duk 'yan gayu, masu shirin zuwa hutu bakin teku. Da na ga yadda suke fafutuka a ruwan da bai kai ƙirji ba, sai na ji wani girman kai. A raina na ce wa zai koya wa ɗan masunci ruwa.

Ni ne kuwa na zama daƙiƙin ajin. Dokar farko ta wannan sana'a ita ce kada ka riƙe numfashi, ko da daƙiƙa ɗaya. Iskar da ka shaƙa a ƙasa tana kumbura idan kana tasowa, in ka toshe ta sai ta fasa huhu. Mu kuwa tun muna tsirara abin da aka koya mana ke nan: ka cika ƙirji, ka rufe baki, wanda ya riga fitowa shi ne rago. Kaina ya gane bayanin Kaftin tsaf, ƙirjina ya ƙi ji. Da ruwa ya rufe ni sai in kulle, ga iska cike da tukunya a bayana. Sabo turken wawa.

A rana ta biyu muna tasowa daga wuri mai zurfi, Kaftin ya damƙe rigata ya dunƙule hannu ya danna mini ciki har sai da iska ta fita. Da muka fito fuskarsa ta yi ja.

"Ya ustaz, so kake ka mutu a hannuna? Khalas, shi ke nan, ba zan kai ka teku haka ba."

Na ji haushi, na ji kunya, na kusa cewa ya riƙe shaidarsa. Amma na tuna abin da na gaya wa Inna. Sati uku na ƙara ni kaɗai, bayan sauran sun wuce. Ya sa ni in riƙa yin gunji a maƙogwaro duk lokacin da nake tasowa, don ya ga kumfa na fita. Har a cikin motar haya nake yi ban sani ba, wata tsohuwa ta taɓa tambayata ko lafiya.

Daga baya muka tafi Bahar Maliya da bas, muka yi nutso huɗu cikin kwana biyu. Ruwan garau, kana ganin ƙasa kamar a cikin kwano. Kifaye kala-kala suna wucewa, ni kuwa yashi nake dubawa. Ban riƙe numfashi ba ko sau ɗaya. Kaftin ya kama hannuna yana taya ni murna, ya ce, "Tamam. Mabruk."

A hanyar dawowa na zauna kusa da shi na faɗa masa dalilin zuwana, abin da ban taɓa yi ba.

"Ma'alish, yi haƙuri, ɗana," ya ce. "Wannan shaidar ta kallon kifi ce, a ruwa mai haske, kai da abokin nutso. Kogi mai laka da igiyar ruwa aikin wasu ne daban. In ka shiga kai kaɗai, mahaifiyarka za ta rasa biyu." Ya kalli taga. "Wata nawa yanzu?"

"Takwas."

Ni ma ɗan bakin kogi ne, na san abin da ruwa yake bari bayan wata takwas. Na sani tun ranar da na fara zuwa Giza, kawai ban yarda in zauna da sanin ba ne.

Kwana uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na kira. Na ce mata na gama, an ba ni takarda.

"Alhamdulillahi," ta ce. "To yaushe za ka zo? Na sa an sayo farin yadi tun da ka fara, yana cikin akwatina. Shi nake ajiye wa."

Na tsaya a bakin titi, motoci na ta ƙara. Na tsara yadda zan yi mata bayanin laka da igiyar ruwa da watanni, ba ko ɗaya da ya fito.

"In an yi hutu, Inna," na ce.

An yi hutu sau biyu tun daga nan. Ban je ba.