Sojojin da ke jinin Malam

Bana shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa. Ni ban san alƙalami ba, faɗa nake ana rubutawa.

A kakar gyaɗa wani zazzaɓi ya shigo Roni, wanda maganin cizon sauro ba ya taɓa shi. Wasu ya shafe su ya wuce, wasu ya tafi da su. Da ya kama Malam, muka kai shi asibiti a Kazaure, aka ɗebi jininsa a 'yar kwalba.

Likita ya dawo ya ce, "Baba, sojojin jininka sun ragu ƙwarai. Wanda muka ga haka gare shi, ciwon yakan yi tsanani. Sai ka kwanta a nan."

Malam ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗan nan, soja a jinina? Mu kaka da kakanni manoma ne, ko ɗan doka ba mu taɓa haifa ba. Koma ka duba, ka haɗa da jinin wani."

Likita ya yi bayani har ya gaji: ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su ke yaƙar cuta. Malam ya ce to in an janye soja, ai gari ya yi lafiya ke nan. Ya lalubi takalminsa, wai gyaɗa ba ta jiran kowa. Ni kuma na goya masa baya, don da safe ya tashi da ɗumame malmala biyu. Bayan kwana shida muka mayar da shi asibiti ranga-ranga. Kwana ya ƙare. An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mu kunne huɗu muka je da shi, ba wanda ya ji.

Yau a unguwarmu har mai koko cewa take kokonta yana ƙara soja. Da Malam na nan, da ya ce an mai da gari bariki.

Bara zazzaɓi ya kama ni, aka ɗebi jini, aka maimaita mini maganar nan. Na tuna na bar wake a shanye, ga awaki sake. Na ce, "Likita, nuna mini gadon." Awaki suka cinye waken tas, ni kuwa ga ni.

Malam ya bar mini gona da buta da wannan hankali, mai tsada. Sai kuma abu ɗaya: bana jikansa na fari ya shiga soja. Da yana nan da na ce, Malam, ashe likita bai haɗa da jinin kowa ba.