Bappa Sharfaddeen da Rubutun Ƙarƙashin Fenti

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Kagarawal a Gombe ya san darbejiyar nan da ake rataye ƙwarangwal ɗin kekuna a rassanta. Babu taya, babu sirdi, ƙarfe tsirara, suna lilo suna karo da juna ko da iska ba ta kaɗa ba. Wasu matan sukan tsallaka titi idan sun iso wurin. A ƙarƙashinta Bappa Sharfaddeen ya shekara arba'in da ɗaya yana yi wa kekuna fenti. Da hantsi zai share wurin, ya shimfiɗa buhunsa, ya bi kekunan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da sifana yana kara kunne. Na sha jin ya ce wa keke "sannu da hanya", alhali ni da na yi masa sallama bai amsa mini ba tukuna.

Mutane sun ce yana da aljanu. Ni dai abin da na sani, yana da taurin kai. Sauran masu fenti idan an kawo musu tsohon keke wuta suke hura masa, tsohon fentin ya ƙone ya zube, kafin la'asar sun fesa sabo. Bappa ba ya ƙona keke. Guntun zarto yake ɗauka da samfefa ya kankare fentin hawa-hawa, na sama daban, na ƙasa daban, sai ya kwana huɗu a kan keke ɗaya. Kafin kuma ya shafa nasa, sai ya kifa keken ya buga sunan mai shi da shekara a ƙarƙashin gindin feda, inda ba mai leƙawa. Na taɓa yi masa tsiya, na ce, "Bappa, wa zai karanta wannan, kaji?" Ya ce, "Wanda zai zo bayana."

Akwai wata dattijuwa a Barunde, Mama Janet, tsohuwar malamar firamare. Ɗanta ɗaya ne, Jesse, magidanci mai natsuwa, sai dai yana da taɓin hankali mai zuwa ya tafi. A damina ta 2013 ya hau koren kekensa mai canjin giya, irin mai faɗin tayan nan, ya ce zai je gona. Bai dawo ba. Ta bi asibitoci, ta bi ofisoshin 'yan sanda, ta shiga ɗakin ajiye gawa ba sau ɗaya ba. 'Yan cocinsu suka zo yi mata gaisuwar mutuwa, ta ce su koma, ba ta ga gawa ba. Da yake Bappa ne ya yi wa keken fenti, sai ta riƙa zuwa wurinsa duk Asabar.

"Bappa, bai biyo ba?"

"Bai biyo ba tukuna, Mama."

Shekara goma sha ɗaya ana wannan tambaya ana wannan amsa. Na ji ta da kunnena wata rana tana cewa, "Ni ban ce lallai a dawo mini da shi da rai ba. In dai san inda yake, ko da rami ne."

Bara yanar ido ta rufe ganin Bappa, ya sanar cewa ya ajiye aiki. A makon ne Misbahu mai barkono ya sayi wani baƙin keke a kasuwa, tsoho, mai nauyin tsiya, ya nufi unguwar Malam Inna da shi wurin mai feshin fenti. Ya rantse mini cewa hanyarsa ba ta Kagarawal ba ce, kan keken ne ya yi ta janye shi hagu. Daidai gindin darbejiya sarƙar ta tsinke. Rana tsaka ce, ko ganye ba ya motsi, amma ƙarafunan da ke rataye suka hau ƙara.

Bappa ya ƙwanƙwasa keken, ya daɗe kunnensa a jikin ƙarfen. Sannan ya ce, "Bar mini shi."

Misbahu ya ce, "Bappa, ai an ce ka daina."

"Na daina. Wannan zuwa ya yi."

Ina wurin a rana ta uku. Baƙin fentin ya fita, sai ga shuɗi a ƙasa, fentin ƙofa ne da aka shafa da tsumma. Bappa ya kifa ƙarfen yana bin gindin feda da babban yatsa, sai yatsan ya tsaya. Ya ce, "Kai ɗan boko, zo ka karanta mini, idona ba ya kaiwa." Na sunkuya. An karce shuɗin fentin da ƙusa, baƙaƙen a karkace: JESSE ƊAN JANET BARUNDE. INA WURO JA'AFARU. 2018. A gefensa, cikin ƙarfen kansa, ga tsohon bugun Bappa: Jesse, 2011. Ina gama karantawa ƙarafunan da ke kanmu suka yi tsit gaba ɗaya. Ba na jin kunyar faɗa, saura kaɗan in gudu.

Washegari Asabar ce. Mama Janet ta zo a kan lokacinta, da lemarta.

"Bappa, bai biyo ba?"

"Ya biyo, Mama. Zauna."

Wuro Ja'afaru ɗan ƙauyen Fulani ne can bayan Dadin Kowa. Mu huɗu muka je: ni, Bappa, Mama Janet da Misbahu. Jauro, wato mai garin, ya ce wani baƙo ya taɓa iso musu yana tura keke, bai san sunansa ba, bai san garinsu ba, sai suka riƙa kiransa Mai Keke. Shekara bakwai yana ɗebo wa tsofaffin mata ruwa a kan keken. Hankalinsa yakan dawo na ɗan lokaci ya sake tafiya. Da ciwon ajali ya kama shi ya ce musu, "Ku kai keken wurin mutumin gindin bishiya a Gombe, shi yana karantawa." Jauro ya ce, "Gombe bishiya nawa ce? Ba mu gane ba, Goggo, ki yafe mana." Keken ya shiga hannu, daga wannan sai wancan, wani ya rufe shi da baƙi. Suka nuna mata kabarin a gefen gari, sun kewaye shi da ƙaya saboda shanu. Ta zauna a ƙasa, ta dafa shi, ta daɗe. Da ta ɗago sai ta ce, "To, yanzu a zo a yi mini gaisuwa."

Bappa, kai ne aka yi shekaru ana yi wa dariyar jinkiri, har da ni. Da ka hura wa keken nan wuta kamar kowa, rabin awa ta isa, wasiƙar da Jesse ya rubuta wa uwarsa ta tashi hayaƙi, ita kuma ta mutu tana tambaya. Kai ne ka koya wa mai taɓin hankali inda ake ajiye suna, ba tare da ka san ka koya masa ba, ya manta garinsu amma bai manta wannan ba. Makahon da ya fi masu ido karatu, na janye maganar kaji.

Misbahu ya ce keken ba nasa ba ne, ya bar wa Mama Janet. Bappa ya wanke tsatsar, ya haɗa sarƙar, ya mayar masa da korensa na fari, da laluben hannu ya yi, bai taɓa shuɗin wurin rubutun ba. Shi ne aikinsa na ƙarshe. Yanzu keken yana jingine a falonta, rassan darbejiya kuwa babu komai a kansu, ko da yake masu shagon gefe sun ce wani lokaci da rana tsaka suna jin ƙara.

Mun gode, Bappa Sharfaddeen. Allah ya buɗe idon, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma masu feshi na Gombe, na san kuna sauri, kuma ban hana ku ba. Amma kafin ku kunna wuta, ku kifa keken, ku bi ƙasansa da yatsa. Wata uwar tana can ba ta karɓi gaisuwa ba tukuna.