Ranar da Aka Yi wa Injin Kawu Shiru

Duk sa'ad da wata mota ta yi ɓarin wuta ta salansa, wato bututun hayaƙinta, sai in ji diddigena na hagu ya yi tsam. Bari in gaya maka dalili.

Ina 'yar yarinya a 'Yargoje lokacin da arzikin man fetur ya fara shigowa ƙasar nan. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi aikin gareji a Kaduna, ya dawo da wata tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu, wadda ya saya a hannun wani Bature mai komawa gida. An ce a da tsere ake yi da ita. Kakata ba ta ƙaunarta ko kaɗan, "mai tari" take ce mata.

Wata rana da hantsi, lokacin cirar gyaɗa, gari duk ƙanshin ɗanyar harawa, na taka kububuwa a bakin gona, ta sare ni a diddige. Kafin Baba ya iso gida da ni a kafaɗa, ƙafar ta kumbura. Kuma a safiyar nan ne Kawu ya cire distiributa, abin da ke raba wa fulogai wuta, yana gyara. Ya mayar da ita a gaggauce, ya murɗa makulli. Mota ta yi kakari, ta yi tau, ta mutu.

"A ɗauko keke!" in ji Baba.

"Malam, keke ba zai kai ta Ƙanƙara da wuri ba," in ji Kawu. "Taimin ne ya goce, wutar na makara. Ku ɗan yi mani haƙuri."

Ya sake tayarwa, injin ya kama yana karkarwa. Ya sassauta noti da sifana, ya dafa distiributar, ya kara kunne. Amma mata sun cika ƙofar gida da kuka da salati.

"Inna, ba ni jin injin!" in ji Kawu.

Kakata ta miƙe. "Duk wadda ta ƙara kuka, ta bar mani ƙofar gida!"

Wurin ya yi tsit. Mahaifiyata ta tura bakin mayafinta a baki ta cije. Ina kwance kan tabarma ina kallon hannun Kawu yana juya abin nan sannu a hankali. Ƙarar ta ɗaga, ta ƙara ɗagawa, sai wani ƙas-ƙas ya shigo kamar ana buga ƙarfe a ciki. Ya ɗan komo da ita baya kaɗan. Nan take karkarwar ta tsaya, injin ya shiga gurnani sumul. Ya ɗaure noti.

Kakata ce ta fara shiga, aka ɗora mata ni a cinya. Gonakin dawa kawai na ga suna wucewa.

Bayan an yi mani allura, malamin asibiti ya ce mu gode wa Allah, mun zo a kan kari. Sai a lokacin Kawu ya sulale ya zauna a gindin taya. Kakata ce ta riƙe masa kofin ruwa ya sha.

Yanzu in na kai motata gyara, na'ura suke jona mata, rediyo na ta kiɗa, ba mai sauraren komai. Aikin na kyau, ban ƙi ba. Kawu kuwa ya tsufa, kunnensa ya tafi. Amma in na ɗauko shi zuwa Faskari, sai ya ɗora tafinsa a gaban motar, ya yi jim, ya ce, "Ɗiyata, tafi, lafiyarta lau."