Taku Bakwai Daga Tsamiya

A garinmu ba a rubuta suna a kan kabari. A rufe mutum, a yayyafa ruwa, a ɗora ƙaya saboda dabbobi, damina biyu ta shafe tudun. Kowane gida da alamarsa a ka. Tamu tsamiya ce, wadda tsofaffi ke cewa a gindinta maharban da suka sari garin suka fara sauka. Ranar da muka binne Inna, mahaifiyata, Baba ya jingina bayansa da tsamiyar, ya yi taku bakwai gabas, ya ce mini, "Nan take. Ka riƙe."

Shekaru suka ja, gari ya fara cin gonakinmu. Inda muke shuka gero aka yanka filaye, har wani ya kafa turaku a gefen maƙabarta. Mai unguwa ya kira gayya a katange ta. Ni da nake malamin makaranta, ga son a ce na iya tsari, aka miƙa mini igiyar awo. Na ja, ta faɗa daidai kan tsamiya. Wani dattijo ya ce a ɗan karkata ginin. Na ce katanga a karkace abin kunya ce. Wallahi ban tuna da Inna ba, hankalina yana kan igiya. Kwana uku ana saran tsamiyar, aka tone har saiwa. Katanga ta miƙe samɓal, bulo iri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Lokacin Baba yana kwance, idonsa ma ya tafi. Da ya ji sauƙi ya ce in kai shi ziyarar kabarin Inna. Muna shiga ya ce, "Kai ni gindin tsamiya."

Na ce, "An sare ta, Baba."

Ya lalubi katangar, ya daɗe yana shafa siminti. Bai tambaye ni wa ya sa aka sare ta ba, kuma ban faɗa ba. Abin da ya ce kawai, "Dā na so a sa ni kusa da mahaifiyarka."

Lokacin kaka Baba ya rasu. Masu haƙa suka tsaya da diga a hannu, suka ce, "Malam, ina wurin Inna?"

Na bi jikin katanga, na tsaya inda zuciyata ta fi kwanciya, na yi taku bakwai, na nuna musu. Suka yarda da ni, suka haƙa.

Har yau ban san kusa da wa na kwantar da shi ba.