Mai Hoton Ƙashi da Mai Hoton Tauraro

Gyaɗi-Gyaɗi

Ana sallame asuba muka fito, ni da 'yata Ummi. Gidan Inna za mu, nan Tarauni, amma da Zariya aka ce in je a ƙafa da ya fi mini sauƙi. Ƙanwata Zainab ce za ta koma Turai da hantsi, Ummi kuwa tun zuwanta take cika mini kunne: "In na girma Anti zan zama." Ni da na goya ta, ban taɓa jin ta ce ni za ta zama ba.

Shataletalen Dangi

Mai adaidaita ya ce, "Hajiya, sammako haka, lafiya?"

Ummi ta cafe: "Wajen Antina za mu. Hoton tauraron da ya fashe take ɗauka da eksire!"

"Ikon Allah! Ke fa, Hajiya?"

"Ni ma eksire nake ɗauka, a asibiti."

Ya ce, "Allah sarki," ya kunna rediyo. Wallahi ya ƙona mini rai. Ni fa na koya wa Zainab ƙirga, da tsinken tsintsiya!

Tarauni

Bakwai saura muka isa. Inna ta kawo koko da ƙosai, manyan duk a gaban Zainab. Na gani, na ɗauki ƙananan.

Zainab ta buɗe kwamfuta ta nuna wa Ummi wani abu kamar curin auduga da ya faɗa rini. Ta ce ɓurɓushin tauraro ne da ya tarwatse tun zamanin zamani, har yanzu yana zafi yana fitar da eksire. Hasken ba ya ratso iskar duniya, shi ya sa na'urar ɗaukar hoton take can sararin samaniya. Kowane sinadari da irin haskensa, sai su ba shi launi: ga ƙarfe, ga farar wuta.

"Anti, koren nan fa?"

"Kalsiyam ne, sinadarin ƙashi. Da ikon Allah irin wannan fashewar ce ta watsa shi har ya shiga jikinmu. Ni daga nesa nake hango shi. Yaya kuwa kullum shi take gani, fari tas, a ƙashin mutane."

Ummi ta juyo ta kalle ni, irin kallon da take yi wa Zainab.

Gida

A adaidaita Ummi ta riƙe hannuna tana latsa ƙashin. Muna sauka ta ce, "Umma, gobe zan bi ki aiki."

Daɗi ya kama ni, haushi kuma bai sake ni ba. Tun kafin a haife ta nake wannan aikin, amma sai da Anti ta faɗa!

Alhamdulillahi, mun dawo lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Inna da kokonta. Godiyar Zainab ce na kasa yi, har jirginta ya tashi. Na dai ɗauko tsohuwar farar rigata ta asibiti na goge wa Ummi.