Hannun Armiya'u da Narkakken Yumɓu

Armiya'u maƙerin Kasuwar Daji, taubashina, da faɗa aka haife shi. An ce ranar sunansa sai da ya shuri wanzami. Ya taso a maƙerar ubansa, da safe ya daki ƙarfe, da yamma ya daki mutane. Taƙamarsa maganin wuta na gado: yakan cafki jan ƙarfe ya riƙa wurga shi daga hannu zuwa hannu kamar dafaffen dankali.

Da Sarkin Maƙera ya rasu, shi da Shamsu, maƙerin ƙetaren titi, suka nemi sarautar. Dattawa suka ce a yi wasan wuta ranar kasuwa, wanda ya fi jurewa ya ɗauka.

Armiya'u ya raina zugazugin fatar akuya, ya jona injin hura iska da janareto. Wuta ta bar ja ta koma fara, tana gurnani kamar tirela a hawa. Bakin murhun nan na yumɓu da rairayi, wanda tun zamanin kakansa bai taɓa motsi ba, sai ga shi yana zufa. Inda toka ta kwanta nan ya fara laushi, ya yi ƙyalli, sannan ya zubo kamar zuma.

Shamsu ya ce wannan wutar ragwaye ce. Armiya'u ya amsa masa da goshi, haƙoran Shamsu biyu suka faɗa gawayi. Shamsu ya rarumi awartaki ya tsaga masa kunne. Aka kifar da teburin mai tsire, wata akuya da ba ruwanta ta karye.

Jini na bin wuyansa, Armiya'u ya rantse zai riƙe abin da ba maƙerin da ya taɓa riƙewa. Tsoho Zakariyya, babban dattawan, ya tare shi.

"Ɗana, bar abinga. Maganinku na ƙarfe ne, ba na ƙasa ba."

Armiya'u ya ture tsohon, ya dumbuzi narkakken yumɓun da hannun dama. Shi ƙarfe idan ya yi zafi sakinsa ake yi. Wannan kuwa mannewa ya yi. Ya yarfa, ya ƙi fita, ya ci fata ya daskare kamar kwalba. Ihunsa, na rantse, sai da jakunan can garin Jangeru suka amsa.

Yatsu uku suka haɗe, hannun bai ƙara riƙe guduma ba. Aka naɗa Shamsu da giɓinsa. Yanzu Armiya'u gawayi yake sayarwa, kuma babban mai sayensa Shamsu ne. Yana auna masa da hagu, yana zaginsa.