Ranar da Na Wanke Liyarin Kakarmu

Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: a cikin wannan labari ni ne wawan. Ba yaro ne ya yi ɓarnar ba, ba kuma tsautsayi ba ne, ni ne da furfurata da hulata. Shekara biyar ke nan, kuma ko duk abin da ke kaina zai zube, wannan ba zai zube ba, don akwai dattawa uku a nan Damagaram da wata tsohuwa a Droum da suka ɗauki nauyin tuna mini kyauta.

Sana'ata gyaran keke ce, shekara arba'in a Zango. Karatuna kuwa aji uku ne a lakwal, wato makarantar boko. Da na huɗun mun rabu lafiya, ba wanda ya nemi wani. Amma aji ukun nan na ci moriyarsu. In aka miƙo mini takarda sai in riƙe ta nesa, in ɗaure fuska, in ce "to, to", sai ka ga an yi tsit ana jiran hukunci.

Da gwiwa ta fara hana ni tsuguno sai na bar wa 'ya'ya rumfar, na sami wurin zama a ƙofar butiki, wato shagon wani maƙerin azurfa a Birni. Duk ranar Alhamis bayan la'asar wasu tsofaffi ke haɗuwa a nan suna duba tsofaffin kuɗi. Akwai maƙerin kansa, mutum ne da in ya yi magana biyar a yini to ya yi surutu. Akwai tsohon malamin lakwal da har yau muke ce wa Mushe, shi ke da madubi mai ƙara girman abu da wani katon littafi mai hotunan kuɗin duniya. Sai wani tsohon direban kamiyo, babbar motar kaya, da ya tara kuɗin ƙasashe cikin gwangwanin madara, wanda bakinsa ya fi nawa kaifi, abin da ban taɓa yafe masa ba.

Aikinsu ke nan: wani ya kawo anini mai huda, ko tamma ta zamanin Faransa, ko wani abin da aka tono a gona. Mushe ya karanta rubutun, maƙeri ya ɗora a ma'auni ya kuma buga a kan dutse ya saurari ƙarar, direba ya faɗi inda ya taɓa ganin irinsa. Sannan su yanke masa daraja. Suna da matakansu: akwai wanda bai ga kasuwa ba, akwai wanda ya leƙa kasuwa, akwai wanda ya tsufa a kasuwa, sai na ƙarshe, shafaffe, wanda ko mai shi ba ya gane shi. Ni shayi ya kai ni. Amma wata uku da zama na fara ba da fatawa, kuma a unguwarmu har an fara cewa a kai wa Mai Keke ya duba.

Labarin ya kai Droum, wajen yayata. Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ta girme ni da shekara tara, kuma har gobe Auta take ce mini, ko a gaban surukaina. A daminar da ta wuce kafin wannan lokaci rufin ɗakinta ya rufta, ta koma kwana a bukkar da take ajiye gyaɗa. Ba ta roƙo, ba ta taɓa yi ba. Sai ga ta ranar kasuwa ta zo da kanta, ta kwance bakin zane, ta fito da wani ƙullin tsumma, cikin tsumman akwai wani tsumma, cikinsa liyari. Na san shi. Na kakarmu ne, wadda ta zo da shi daga Barno, ta bar wa innarmu, innarmu ta bar wa Yaya. Babban kuɗin azurfa ne, gefe ɗaya wata mace mai ƙiba, ɗaya gefen tsuntsu mai kai biyu. Ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Ta ce an ce na zama masani. In abin zai sayi kwanon rufi kafin ruwa ya sauka, a sayar. In ba zai saya ba, in mayar mata da kayanta. Na ce ta kwantar da hankalinta, ta kawo shi inda ya dace.

Ranar Alhamis na ajiye shi a tabarma. Direba ya taɓe baki ya ce irin waɗannan sun fi tsakuwa yawa, duk shekara ɗaya aka rubuta musu ko da jiya aka buga su, kuɗin azurfarsu kawai ake biya. Maƙeri ya buga shi a dutse, ya gyaɗa kai. Mushe ya ɗora madubinsa. Ya daɗe. Ya goge madubin da bakin riga ya sake ɗorawa. Sannan ya ɗago kai ya gyara zama.

Daga nan ya shiga bayani, kuma in Mushe ya shiga bayani sai dai a yi haƙuri. Ya taɓo ayarin raƙuma, ya taɓo fataken Tarabulus, ya buɗe littafi, ya zuba Faransanci. Ni kuwa ina ta "to, to", ina gyaɗa kai, hankalina yana kan direba da ya zuba wa kansa shayin farko ya bar mini na uku. Daga baya aka tabbatar mini cewa a cikin bayanin nan sau uku Mushe ya nuna wani ɗan tambari a ƙarƙashin haɓar matar, bai fi ƙwayar wake ba, da harufan Larabci a ciki, irin wanda wani attajiri na zamanin da ke bugawa don a san kuɗin ya bi ta hannunsa. Ya ce tambarin nan da baƙin nan su ne dukiyar. Ni ban ji ba. Na rantse ban ji ba. Abin da na ji shi ne lokacin da ya ɗauki hoto da salula ya aika wa wani mai tara irin waɗannan a Yamai, mutumin ya kira nan take, ya ce in abin yana yadda yake a hoto zai ba da jika ɗari biyu na sefa. Wannan kam kunnena ya kama shi sarai. Rufi har da ƙofa.

Maƙeri ya ce in bar shi a akwatinsa na ƙarfe zuwa Alhamis mai zuwa, lokacin da ɗan'uwan mutumin zai zo karɓa. Na ce a'a, amana ce, ba ta kwana a hannun wani. Ku ji fa. Mushe ya riƙe hannuna ya ce, "Mai Keke, ka mayar da shi cikin tsummansa. Kada ka taɓa shi."

Na ji haushin maganar nan har gida. Ni za a ce wa kada in taɓa ƙarfe? Ni da na shekara arba'in ina mayar da tsohon keke amarya? Duk wanda ya san kasuwa ya san ba a kai kaya da dauɗa. Mai tukunya yana wankewa, mai takalmi yana gogewa, mai babur har mai yake shafa wa taya. Na yi lissafi irin na masu aji uku: in da dattinsa ya yi jika ɗari biyu, in ya yi wanka ai sai ɗari uku. Na ce waɗannan mutane akwai ilimi, amma ba su san ciniki ba, kuma ƙazanta ta yi musu yawa.

Ranar Laraba da hantsi na shimfiɗa buhu a tsakar gida. Lemon tsami, toka, tsohon buroshi. Baƙin ya fara fita, raina ya fara fari. Maiɗakina ta wuce da tsintsiya ta tambaye ni ko ba cewa aka yi kada in taɓa ba. Na ce mata wannan magana ce ta masana, ta ji da shararta. Na kawo man goge ƙarfe na rumfa, na bi shi da tsumma har matar nan ta fara ƙyalli. Sai ɗan tabon nan na ƙarƙashin haɓarta ya ƙi fita. Ya zauna baƙi, kamar ƙuda a cikin nono. Na sa buroshi, ya ƙi. Na sa tsinke, ya ƙi. Na ce lallai wani mugu ne ya taɓa dukan kuɗin da ƙusa. Na ɗauko ƙaramin magagari, na bi wurin a hankali, da ƙwarewa, sannan na lallashe shi da takardar goge tsatsa. Wallahi aikin ya yi kyau. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi har yau: ban taɓa yin aiki mai tsabta kamarsa ba.

Ranar Alhamis na sa babbar riga. Tsumman kakarmu ma na yar da shi, na naɗe liyarin a sabon farin ƙyalle. Na bari sai da aka zuba shayi, sannan na buɗe shi a tsakiyar tabarma, na koma na jingina.

Direba ne ya fara magana. Ya ce wannan sabon fa, ina na ranar nan? Na ce shi ne, wanka ya yi. Ya fara dariya, sai ya dubi fuskar Mushe, dariyar ta tsaya. Mushe ya ɗora madubi a haɓar matar. Ya juya kuɗin, ko ya ɗauka ya manta gefen ne. Ya sake juyowa. Sannan ya cire tabaransa ya ajiye a kan littafi.

"Ina tambarin?"

"Wane tambari?"

"Na ƙarƙashin haɓa."

"Au, tabon nan? Ai na gyara shi."

Maƙeri, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya tashi ya shiga butiki, muna jin sa yana salati shi kaɗai a ciki. Mushe kuwa bai yi faɗa ba, da ma ya yi. A hankali ya sake yi mini bayanin da ya yi makon jiya, wannan karon da Hausa zalla, kamar yana magana da ɗan aji ɗaya, kuma wannan karon na ji kowace kalma.

Duk da haka ban sallama ba. Na ce a mayar da baƙin mana, a turara shi da hayaƙi, ko a binne shi kwana uku. Maƙeri ma ai zai iya buga wani tambarin. Mushe ya ce wannan sunansa ha'inci, kuma ba a tabarmar nan ba. Ya ɗauki sabon hoto ya aika Yamai, don ya ce gara mutumin ya ji daga bakinmu. Amsa ta zo a taƙaice: wannan ba shi ne kuɗin da aka nuna masa ba, a gaishe da mai shi. Direba ya tambaya wane mataki za a sa shi, tunda bai tsufa a kasuwa ba kuma ba shafaffe ba ne. Ya ce sai dai a buɗe sabon mataki, wanda ya gamu da Mai Keke. Har yau suna amfani da shi.

Maƙeri ya fito ya ɗora shi a ma'auni. Ya ce azurfarsa jika goma sha biyar ce, zai cika ashirin saboda tsohuwa. Ko rabin rufin kaji ba zai yi ba. Sun so su haɗa wani abu a tsakaninsu, na ƙi. Wautar tawa ce, ban ga dalilin raba ta huɗu ba.

Abin da na koya ba shi da tsawo. Ba kowane tsufa ne datti ba, wani shi ne dukiyar. Kuma in waɗanda suka fi ka sani suka ce kada ka taɓa, ba hannunka suka raina ba, kanka suke ji wa tsoro. Yanzu in an kawo kuɗi tabarma hannuwana suna cikin aljihu, in Mushe ya shiga bayani kuwa har Faransancin nake saurara. Sai dai ba a Birni karatun ya shiga ba, a Droum ya shiga.

Na same ta a bakin bukkar gyaɗa tana tsince wake, ɗakin yana bayanta buɗe, gabas kuma ta fara haɗa hadari. Na tsuguna duk da gwiwa, na miƙa mata. Ba ta dubi ƙyallin ba. Babban yatsanta ta sa tana lalube ƙarƙashin haɓar matar. Ta ce innarmu a nan take ɗora yatsa in tana ba ta labarin kaka. Ta yi ta shafa wurin, sumul, ba komai. Na faɗa mata duka, ban rage ba. Amma da yake hali ba ya barin mutum, sai na ji bakina yana cewa ko ba komai dai yanzu ya fi kyan gani.

Ta ce mata uku sun riƙe shi, ba wadda ta taɓa taka ƙofar lakwal, bai yi ko ƙwarzane ba. Ni da aji uku hantsi ɗaya ya ishe ni. Ta tambayi tsumman, na ce na yar. Ta yagi bakin tsohon zanenta ta ƙulle shi, ta ce ba na sayarwa ba ne kuma.

Ina da rago a gida, babba, wanda na shekara ina kiwo don layya, ina nuna wa duk wanda ya shigo. Na ce mata zan kawo shi jibi, jikanta ya kai kasuwa, a sayi kwano, ni zan hau in buga da kaina. Na faɗe shi da murya irin ta manya, ina jiran ta ce Allah ya yi albarka, in sami abin tashi da shi. Har na fara bayanin yadda zan shirya ragon don ya yi daraja a idon masu saye.

Ba ta ɗago daga waken ba.

"Auta, ka kawo shi yadda yake. Kada ka wanke shi."